Babi na Biyar: Rigar Mai Girbi

A shekarar 1960, masu tonon kayan tarihi suna aiki a kufan wata ƙaramar ganuwar sojoji a gaɓar Bahar Rum, kusa da Yabne-Yam, kudu da birnin Yafa, sai suka tono wasu tsingaro masu rubutun tawada. Da aka harhaɗa su, sai ga layi 14 na tsohon Ibrananci, waɗanda masana suka ce an rubuta su wajen shekara ta 630 kafin haihuwar Almasihu, zamanin Sarki Yosiya na Yahuza. Takardar koke ce. Wani ɗan ƙodago mai girbi ne ya kai ƙara wurin hakimin yankin. Ya ce ya gama girbin da aka yanka masa, ya auna, ya tara, amma duk da haka wani ya zo ya ƙwace masa riga. Ya ce 'yan'uwansa da suka sha rana tare da shi a gonar za su tsaya masa shaida cewa ba shi da laifi, ya kuma roƙi a mayar masa da rigarsa.

Wani zai ce, a kan riga ɗaya har da zuwa gaban hakimi? To, a wurin talakan wancan zamani rigar nan ita ce suturarsa da rana, ita ce bargonsa da dare. Shi ya sa Attaura ta yi magana a kanta musamman: wanda ya karɓi rigar matalauci jingina, lallai ne ya mayar masa kafin rana ta faɗi, don ya sami abin rufa. Ta hana karɓar rigar gwauruwa jingina kwata-kwata, ta hana karɓar dutsen niƙa, domin wanda ya ɗauke wa gida dutsen niƙa ya ɗauke masa tuwo. Ta ce a biya ɗan ƙodago ladansa a ranar da ya yi aikin. Ta ce kada mai gona ya girbe har gefe, ya bar wa maraya da gwauruwa da baƙo abin da za su yi kala. Ta ce duk shekara ta bakwai a yafe bashi. Mai girbin nan ba bara ya je yi ba. Ya san yana da haƙƙi, haƙƙin kuwa ya nema.

A kan wannan ƙasa annabawan Isra'ila suka tsaya. Mutane da yawa suna ɗaukar su masu faɗin abin da zai faru nan gaba kawai, wasu kuma suna ɗaukar su masu tausayin talaka da ke roƙon attajirai su yi sadaka. Wanda ya zauna ya karanta littattafansu zai tarar da wani abu daban. Amos da Ishaya da Mika da Irmiya ƙara suke shigarwa. Abin da suke cewa shi ne dukiyar da ke gidajen manya ta talakawa ce, ƙwace ta aka yi, kuma an bi ta kotu da kasuwa da takardar bashi wajen ƙwacen, ta yadda mai yinsa zai kwana yana ganin kansa mutumin kirki.

Tun kafin su an ga misalin irin wannan ƙwace a labarin Nabot, a ƙarni na 9 kafin Almasihu. Nabot yana da gonar inabi a Yezreyel, jikin fadar Sarki Ahab. Sarki ya so ya mai da ita lambu, ya yi masa tayin kuɗi ko wata gonar da ta fi ta. Tayi mai kyau ne a ido, amma Nabot ya ƙi, domin gonar gado ce, kuma a al'adarsu ƙasar gado amana ce ta zuriya, ba hajar sayarwa ba. Sarki ya koma gida ya kwanta, ya juya fuska, ya ƙi abinci. Matarsa Yezebel, 'yar sarkin Sidon, ita ta ɗauki lamarin. A lura da yadda ta yi. Ba ta aika dogarai su sare Nabot da dare ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan gari: a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a kawo mutum biyu su shaida cewa ya zagi Allah da sarki. Shaidu biyu su ne abin da shari'a ta nema, aka kuwa kawo su. Aka fitar da shi bayan gari aka jefe shi. Komai ya tafi bisa ƙa'ida, an yi azumi, an yi zaman shari'a, dattawa sun yanke hukunci, mutum ya mutu, gona ta koma hannun sarki.

Mu nan muna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Annabi Iliya, wanda Musulmi suka sani da Ilyas, bai karɓi wannan uzuri ba. Bai je wurin dattawan ba, bai je wurin shaidun zur ba. Ya tarar da Ahab a cikin gonar da ya zo mallaka, ya ɗora masa laifin kisan da na ƙwacen duka biyu. Ahab bai rubuta wasiƙar da hannunsa ba, bai ɗaga dutse ba, amma hatiminsa ne, shi kuma ya ci moriyar. A ganina wannan na cikin manyan abubuwan da annabawa suka bar wa duniya: wanda ya ci amfanin zalunci yana sane ba zai fake da cewa wani ne ya aikata masa ba.

Bayan kamar shekara ɗari abin ya wuce na sarki ɗaya da gona ɗaya. A zamanin Yerobowam na biyu, wanda littafin Sarakuna ya ce ya yi shekara 41 yana sarautar Isra'ila ta arewa, ƙasar ta sami zaman lafiya da yalwar da ta daɗe ba ta gani ba. Assuriya ta shagala da matsalolinta, Dimashƙu ta yi rauni, hanyoyin fatauci suka buɗe. Ƙasa ta adana shaidar wannan arziki. A 1910 masu bincike daga Jami'ar Harvard ta Amurka sun tono tsingaro masu yawa a fadar Samariya, ɗauke da lissafin tulunan tsohon ruwan inabi da tataccen man zaitun da ake aikowa daga ƙauyukan kewaye. A shekarun 1930 kuma aka tono ɗaruruwan gutsattsarin hauren giwa da aka sassaƙa don ƙawata gadaje da kujeru da bangon ɗaki. Amos ya yi maganar masu kishingiɗa a gadajen hauren giwa, masu shan ruwan inabi da manyan kwanuka, masu shafa mai mafi tsada, masu gidan rani daban da gidan hunturu daban. Ashe ba ƙari ya yi ba.

Ina wannan arziki ya fito? Masana da dama suna bayyana shi kamar haka. Ƙaramin manomi a kan tsaunuka yana shuka sha'ir da alkama don ci, yana da 'yan itatuwa da 'yan awaki. Manya kuwa mai da ruwan inabi suke so, domin su ne ake sayarwa a waje. Idan ruwa ya yi gardama shekara ɗaya, manomi ya ci irinsa, sai ya ci bashi. Ya jinginar da riga, ya jinginar da gona, in bashi ya yi nauyi ya ba da ɗa. Littafin Sarakuna na biyu ya kawo labarin gwauruwar da ta zo wurin Annabi Elisha tana kuka, mai bin mijinta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Gonar da aka karɓe sai a haɗe ta da ta maƙwabci, a dasa inabi da zaitun, mai ita ya koma ɗan ƙodago a ƙasar kakanninsa. Ishaya ya la'anci masu haɗa gida da gida, gona da gona, har su wayi gari su kaɗai suka rage a ƙasar. Idan manomin ya ce zai kai ƙara, a ƙofar gari ake zaman shari'a, masu zaman kuwa dattawa ne, wato dangin mai bin bashin da abokan cinikinsa.

Cikin wannan hali Amos ya taso, wajen shekara ta 760 kafin Almasihu. Littafinsa ya ce ya fara magana shekara biyu kafin wata girgizar ƙasa, kuma masu tono sun ga alamun babbar girgiza ta wannan zamani a Hazor. Shi mutumin Tekowa ne, ƙauye mai tazarar kilomita 16 kudu da Urushalima, makiyayi mai kula da itatuwan ɓaure. Ɗan kudu ne ya haura arewa, zuwa Betel, wurin ibadar da gidan sarauta ke ji da shi.

Dabarar da ya buɗe wa'azinsa da ita abin a tsaya a duba ce. Ya fara da maƙwabta: Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab. Kowace ya lissafa mata laifinta na yaƙi, masu kwashe gari guda su sayar bayi, masu tsaga cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyaka. Mai sauraro a Betel zai yi ta gyaɗa kai, domin abokan gaba ake yi wa. Sai ya taɓa Yahuza, nan ma daɗi zai ƙaru. Daga nan ya juyo kan Isra'ila, ya fi daɗewa a kanta fiye da kowa. Laifinta kuwa ba a fagen fama aka yi shi ba. A cikin gari aka yi shi, lokacin zaman lafiya, a kan 'yan'uwa: ana sayar da mai gaskiya saboda azurfa, ana sayar da matalauci a kan bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, ana shimfiɗa rigunan jingina a kwanta a kansu a gindin bagade. Ya jera cutar talaka a sahu ɗaya da kisan kiyashi, kuma da gangan ya yi.

Ya shiga kasuwa ma. A lokacin ba a fara buga tsabar kuɗi ba, azurfa ake aunawa a sikeli. Saboda haka ɗan kasuwa yana da hanyar cuta biyu a ciniki ɗaya: ya ƙanƙantar da ma'aunin hatsin da zai ba ka, kamar mudun da aka bubbuge wa gindi, sannan ya nauyaya dutsen da zai auna azurfarka da shi. Har ƙaiƙayi da sharar rumbu yana haɗawa ya sayar. Mai karatu Musulmi zai tuna da Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, waɗanda tauye mudu da sikeli na cikin abin da ya hallaka su, da kuma surar da ta sauka a kan masu tauye awo. Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai: 'yan kasuwar da Amos ya kwatanta suna kiyaye Asabar. Suna rufe rumfa ranar hutu da ranar tsayuwar wata, sai dai suna ƙosawa ranar ta wuce su koma ga sikelinsu. Ba kafirai yake yi wa magana ba. Masu ibada ne, masu kai hadaya kowace safiya, masu fitar da ushiri, masu son a yi shelar baikon da suka bayar.

Nan ne maganar annabawa ta fi zafi, nan ne kuma aka fi kauce mata. Amos ya ce Allah ya ƙi bukukuwansu, ba ya karɓar hadayunsu, ba ya son jin waƙoƙinsu da molayensu. Abin da yake nema shi ne adalci ya gudana kamar kogin da ba ya ƙafewa, a ƙasar da yawancin rafukanta sai da damina suke kawo ruwa. Ishaya, mutumin birni mai shiga wurin sarakuna, ya faɗi irin wannan a Urushalima: Allah ya gaji da kitsen raguna, in sun ɗaga hannu suna addu'a zai kau da kai, domin hannuwan da jini, sai sun tsaya wa maraya sun kāre gwauruwa. A wani babi na gaba a littafin Ishaya, wanda masana da yawa ke ganin bayan zaman bauta a Babila aka rubuta shi, mutane suna gunaguni sun yi azumi Allah bai duba ba. Amsar da aka ba su ita ce a ranar azumin ma suna matsa wa ma'aikatansu. Annabawan nan ba su ce a daina ibada ba. Cewa suka yi ibada ba ta zama toshiyar baki ga Allah.

Amaziya, firist ɗin Betel, ya gane inda maganar ta dosa. Ya aika wa sarki cewa Amos yana ƙulla makirci, ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganunsa ba. Sannan ya ce wa Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, domin Betel wurin ibadar sarki ne. Da wannan kalma ya tona asirin kansa, ya faɗi mai ɗakin. Amos ya amsa cewa shi ba annabin sana'a ba ne, bai gaji abin ba, daga bin garke Allah ya ɗauko shi. Ba a cika shekara 40 ba, a 722, Samariya ta faɗi a hannun Assuriyawa. Sarki Sargon na biyu ya rubuta cewa ya kwashe mutum sama da 27,000 daga cikinta.

Mika ɗan ƙauye ne kamar Amos, daga Moreshet a gangaren yammacin Yahuza, kuma harshensa ya fi na kowa kaifi. Ya kwatanta masu kwana suna ƙulla yadda za su ƙwace gona, gari na wayewa su zartar don suna da iko. Ya kwatanta shugabanni da mahauta masu feɗe jama'a su daddatsa su zuba a tukunya. Ya haɗa mutum uku a igiya ɗaya: alƙali mai yanke hukunci don cin hanci, firist mai koyarwa don lada, annabi mai duba don kuɗi, wanda in ka sa masa abu a baka ya yi maka busharar lafiya, in ka hana shi ya shelanta maka yaƙi. Dukansu kuma suna cewa Allah yana tare da su, ba abin da zai same su. Mika ya ce saboda su za a nome Sihiyona, wato Urushalima, kamar gona. Wannan magana ba ta mutu ba. Bayan kamar shekara ɗari, da firistoci suka nemi a kashe Irmiya don ya yi wa Haikali irin wannan gargaɗi, dattawan ƙasar suka tashi suka tuna wa jama'a cewa Mika ya faɗi haka a zamanin Sarki Hezekiya, ba a kashe shi ba, sai ma sarki ya ji tsoron Allah. Irmiya ya tsira. Wani annabi mai suna Uriya, da ya yi irin wa'azin a wannan zamani, bai tsira ba. Ya gudu Masar, Sarki Yehoyakim ya sa aka kamo shi aka sare shi.

Yehoyakim ɗin nan ya hau gadon sarauta a 609 da ɗaurin gindin Fir'auna Neko, wanda ya ɗora wa ƙasar gandu mai nauyi na azurfa da zinariya, sarki kuwa ya tatso shi daga jama'a. Cikin wannan ƙunci ya tashi gina sabuwar fada mai benaye da manyan tagogi, an lulluɓe ta da katakon al'ul an shafa mata jan fenti, kuma bai biya maginan ba. Irmiya ya tambaye shi ko yawan al'ul ne ke sa mutum ya zama sarki. Ya tuna masa da mahaifinsa Yosiya, wanda ya ci ya sha kamar kowane sarki, amma ya bi wa matalauci haƙƙinsa. Sai ya ƙara abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan dukan wannan babi: ya ce yin hakan shi ne sanin Allah. Bai ce alama ce ta mai sanin Allah ba, bai ce ƙari ne a kan ibada ba. Sarkin da aka gaya wa wannan shi ne daga baya ya zauna a ɗakinsa na hunturu ana karanta masa littafin Irmiya, yana yanka shi da wuƙa guntu-guntu yana jefawa a kaskon wuta. Irmiya ya sa magatakardansa Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari.

Labarin da ya fi ba ni takaici ya faru a ƙarshen Urushalima. Sojojin Babila sun kewaye birnin, Sarki Zadakiya da manya suka shiga Haikali suka yi alkawari a gaban Allah za su 'yanta bayinsu Ibraniyawa, abin da shari'a ta riga ta wajabta bayan shekara shida na bauta, su kuma suka daɗe da yin watsi da shi. Suka sake su. Da rundunar Masar ta taso, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai manyan nan suka bi bayin ɗaya ɗaya suka mayar da su bauta. Irmiya ya ce tunda sun ƙi shelar 'yanci ga 'yan'uwansu, za a sake su su ma, ga takobi da annoba da yunwa. Babilawa suka dawo, birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali. Ezekiyel, wanda yake cikin waɗanda aka kwasa zuwa Babila, da ya zo lissafa laifin Saduma sai ya sa girman kai da ƙoshi da ƙin taimakon matalauci a gaba, abin da yawancin masu ambaton garin ba su taɓa ji ba.

Kada a ɗora wa annabawan nan rigar da ba tasu ba. Ba su kafa jam'iyya ba, Amos da Mika da Irmiya ba su tara mayaƙa ba, ba su ce a rushe sarauta ba, ba su ma ce a kawar da bauta daga duniya ba. Tsohon alkawari suke tuna wa mutane: ku bayi ne a Masar aka fitar da ku, ƙasar nan ba ku aka yi, don haka ba ku da ikon mai da ɗan'uwanku bawa a cikinta. Kuma bautar gumaka ta dame su kamar yadda zalunci ya dame su, littafin Yusha'u kusan duka a kanta yake. Wanda ya ɗauki maganarsu ta talakawa ya zubar da ta Allah ya raba abin da su ba su raba ba. Wanda ya ɗauki ta Allah ya zubar da ta talakawa kuwa ya koma sahun Amaziya.

Duk da haka, duk inda aka danne mutane aka kuma bar musu Littafi Mai Tsarki a hannu, sai sun gano waɗannan shafuka. Bayi baƙar fata a Amurka da jikokinsu sun gano su. Martin Luther King ya ɗauko maganar Amos ta kogin adalci a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a Afrilun 1963, ya sake ɗauko ta a jawabinsa na Washinton ranar 28 ga Agusta na wannan shekara. Malamin Yahudawa Abraham Heschel, wanda ya wallafa babban littafi a kan annabawa a 1962, ya yi tattaki kafaɗa da kafaɗa da shi a Selma a 1965. A ƙasar Salbado, Akbishop Oscar Romero ya roƙi sojoji a wa'azinsa su daina harbin talakawa 'yan'uwansu, washegari, 24 ga Maris 1980, aka harbe shi yana tsakar ibada.

Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, saboda haka Amos ya daɗe yana magana da harshenmu. Amma sau nawa ake jin sa daga kan mumbari, in aka kwatanta da ayoyin albarka da buɗi? Babi tara ne kacal, ana gama shi a zama ɗaya. Ina roƙon duk mai wa'azin da wannan littafi ya shiga hannunsa ya ware rana ɗaya ya karanta wa jama'arsa littafin Amos daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake wurin sikeli, kada ya tsallake wurin alƙalai, ko da masu zama a sahun gaba za su ɓata rai.